Wuta A Tsakar Gida, Ɗumi A Cikin Ɗaki

Idan aka ambaci Sakkwato, zafi ne ke fara faɗo wa mutum a rai, kuma ba ƙage aka yi mana ba. A watannin Afrilu da Mayu ma'auni kan haura digiri 40, ruwan randa ya yi ɗumi, barci ya gagara sai a tsakar gida. Shi ya sa duk dabararmu ta zaman gida ta ƙare wajen gudun zafi: a faɗaɗa taga, a kafa rumfa, a dasa dogonyaro a ƙofar gida. Sanyi kuwa ba mu yi masa tanadi ba, alhali babu shekarar da ba ya zuwa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan taso daga Sahara da ƙura da hazo, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, wasu darare ma'auni ya sauko ƙasa da digiri 15. Mutumin ƙasashen ƙanƙara zai raina wannan adadi. Amma jikin da ya saba da 40, a ɗakin bulo mai rufin kwano babu silin, a kan daɓen siminti, ya san ɗari ne na gaske.

Aure ne ya kawo ni Unguwar Rogo. Ina koyarwa a makarantar firamare, muna zaune da maigida da yaranmu da mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna. Zaman gidan nan ya nuna mini cewa hunturu ba ya yi wa kowa daidai. Magidanci mai ƙarfi ya ja bargo ya yi barcinsa. Waɗanda ɗari ke ci su ne tsoho da jariri da mai jego da mai ciwon ƙirji. Wadda kuma ke biyan ɗumin kowa da jikinta ita ce matar da ke tashi kafin kiran assalatu, ta fito tsakar gida hannu na rawa, ta hura wuta don ruwan alwala da na wankan 'yan makaranta da na damun koko. Na daɗe ina fargabar shigowar Disamba saboda wannan tashi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, domin a yadda aka rene mu mace ba ta kuka da aikin gidanta.

Akwai shekarun da muka samu sauƙi. Mun sayi tukunyar gas, na riƙa murɗa maɓalli ruwa ya tafasa kafin in gama shirya yara. Sai aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta faɗi, komai ya tashi, har da gas ɗin. Albashin malamin firamare bai tashi tare da su ba. Kananzir kuwa tun kafin nan ya fi ƙarfin talaka. Muka koma wa gawayi, daga baya ma har da itace. Gaskiyar magana, kunya na ji. Ranar da aka fara sauke mana buhun gawayi na sa yara suka shige da shi bayan ɗaki don kada abokan aikina su zo su gani. Na tuna mahaifiyata a zamanin Abacha, tsakanin 1993 da 1998, lokacin da kananzir ya yi ƙaranci har aka ƙirƙiro murhun da ake kira da sunansa, tana fifita shi idonta na zubar da hawaye. Na ɗauka na yi karatu na tsere wa wannan rayuwa, sai ga ni a tsugune inda ta tsuguna.

A hunturun da ya biyo baya ne Allah ya nuna mana aya. Al'adar gidan ce, tun kafin in shigo cikinsa, idan an gama tuwon dare a kwashi garwashi a kasko a kai ɗakin Inna. A daren da nake magana iska ta yi ƙarfi, sai aka ƙara gawayi sabo a kan garwashin, aka rufe taga, aka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. 'Yata ta biyu a can take kwana. Da asuba ban ji motsin butar Inna ba, ita da ba ta taɓa bari liman ya riga ta tashi ba. Na tura ƙofa. Ɗakin da ɗumi, babu hayaƙi ko kaɗan, babu wari. Inna na kwance ido a buɗe, ta kasa ɗaga kai. Na ce, "Inna, lafiya?" Da ƙyar ta ce, "Ɗiyata, kaina ka ciwo, ba ni iya tashi." Yarinyar kuwa ta yi amai a kan tabarma, na tashe ta zaune ta sake sulalewa. Maigida ya ciccibo su zuwa tsakar gida, maƙwabci ya fito da kekensa mai ƙafa uku, muka nufi asibiti.

Da farko kowa da abin da ya faɗa. Wani ya ce hawan jini ne, wata ta ce zazzaɓi, wata ta ce iska ce ta buge su. Likitan da ya duba su tambaya ɗaya ya yi: "Hajiya, da wuta kuka kwana a ɗaki?" Aka sa musu iskar numfashi, kuma cikin ikon Allah suka farfaɗo. Bayanin da ya yi mana a tsaye a bakin gado na riƙe shi har yau. Ya ce duk abin da ke ci da wuta, gawayi ko itace ko kananzir ko man janareta, idan bai samu isasshiyar iska ba yakan fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu takan kama jini fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita ke kama shi, sama da ninki 200, sai jini ya riƙa zagaya jiki babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Wanda ke farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Wanda ke barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa.

Darasin farko ke nan, kuma ya rushe abin da na tashi da shi. Mu abin da muka sani, hayaƙi ne abin gudu. Ana ce mana a bar gawayi a waje ya ruru ya yi ja, in hayaƙinsa ya ƙare an tsira, sai a shiga da shi. Ashe jan garwashin nan mai kyan gani, wanda ba ya sa ido hawaye, yana nan yana fitar da gubar muddin yana ci. Rufe ƙofa da taga kuma shi ke tara ta. Likitan ya ƙara da cewa idan aka tarar da mutum a wannan hali, a buɗe ko'ina, a fito da shi fili, a garzaya asibiti. Ɗura masa madara ko manja ba ya cire gubar daga jini, kuma wanda bai cikin hayyacinsa yana iya shaƙewa. Da muka dawo gida maigida ya tuna mana hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Mun san hadisin tun muna Islamiyya. Gobara kawai muke tunawa idan an karanta shi, ba mu kawo wutar da ke kisa ba tare da ta ƙona ko zare ɗaya ba.

Aka hana shiga da kasko. Hanin bai yi mako ba ya fara tangal-tangal, domin ɗari bai san an yi doka ba. Inna ta riƙa kwana a dunƙule, gwiwoyinta na ciwo, da safe ta kasa miƙewa sai rana ta ɗaga. Wani dare ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, in kun ɗauke kaskon ga, ɗari ka kashe ni tun kahin hayaƙi." Ban samu abin ce mata ba. A nan na ɗauki darasi na biyu: wanda ya hana mai buƙata abu bai ba shi madadi ba, bai gama aikinsa ba. Kowace shekara ana faɗakarwa a rediyo a daina kwana da wuta, kuma gaskiya ake faɗa. Amma tsohuwar da ƙashinta ke sara cikin dare za ta saurara ta gyaɗa kai, in an yi barci ta aiki jika ya ɗebo mata rushi. Ɗumi haƙƙi ne da tsofaffinmu da jariranmu ke da shi a kanmu, daidai da abinci da sutura. Ya zama dole mu samo hanyar ba su shi ba tare da guba ba.

Mafitar ta zo ne ta bakin wani ɗan'uwan maigida da ya yi karatu a Ingila, ya zo duba Inna. Ya ba mu labarin irin murhun da ya gani a gidajen karkara a can. Akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilashi, yana cin itace, yana cin kwal, duk wanda aka samu. A bayan inda wutar ke ci akwai aljihun ruwa. Ruwan ya yi zafi ya bi bututu zuwa wasu farantan ƙarfe da ke jikin bangon ɗakuna, wani kuma ya tafi tankin wanka. Hayaƙi yana da tasa hanyar, ta bututun da ya huda rufi. Ya ce duk da haka sai an maƙala na'urar da ke ƙara idan gubar nan ta taru a ɗaki. Ya kuma ba mu labarin Koriya ta Kudu, inda tun zamanin da can suke bi da hayaƙin madafa ta ƙarƙashin daɓe don ɗumama ɗaki. Da suka koma ƙona curin kwal, gubar ta riƙa ɓullowa ta tsagar daɓe, ta kashe mutane masu yawa cikin barci a shekarun 1960 da 1970. Maganin da suka yi shi ne suka daina bi da hayaƙin, suka shimfiɗa bututun ruwan zafi a madadinsa.

Ban ji sha'awar gilashi ko farantan bango ba. Sanyinmu na wata uku ne, kuma aljihunmu bai kai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne asalin dabarar: a raba wuta da ɗuminta. Wuta ta zauna inda iska ke kaiwa da komowa, hayaƙinta ya tashi sama, ruwa ya ɗauko ɗumin ya kai wa mai buƙata. Na kwana ina juya maganar. Da na ɗauki adashi, na ce wa maigida ga abin da nake so a yi da kuɗin. Ya dube ni ya ce, "Malama, ba zane za ki saya ba?" Na ce masa zane zai jira.

Muka je Maƙera Assada, tsohuwar unguwar maƙeran Sakkwato, muka sami wani dattijo da ke ƙira yana kuma walda. Na zana masa abin da ke kaina a bayan takardar jarrabawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya gyara mini kusan komai. Ya ƙi yarda a yi amfani da durom ɗin da ba a san abin da aka taɓa zubawa a cikinsa ba, ya nemo farantin ƙarfe mai kauri. Ya yi akwatin wuta, ya gitta rodi a ciki ya zama raga, ya bar ƙaramar ƙofa a ƙasa ta shigar iska da kwasar toka, da babba a sama ta sa makamashi. A kai ya huda mazaunin tukunya daidai girman tukunyar tuwonmu, yadda harshen wuta ba zai tsere ta gefe ba. A baya ya manna tanki mai cin kusan bokiti uku, bututun hayaƙi ya ratsa ta tsakiyarsa ya miƙe sama, ga famfo a gindi. Da za mu ɗauka ya ɗora hannu a kan murfin tankin ya ce, "Malama, murfin ga a bar shi sake. Kada a ɗaure shi, kada a aza mai dutse, kada kuma a hura wuta tanki ba ruwa. Tururi in bai samu hanya ba, shi ka yi ma kanshi hanya." Na ce, "Na ji, Baba." Muka girka shi a rumfar girki da ke buɗe ta gefe biyu, bututun ya haura kwano. Inna da kanta ta nuna wa yara yadda za a kwaɓa laka da ƙaiƙayi a yaɓe jikinsa don ya riƙe zafi, kuma kada ƙarfen ya ƙona mai wucewa.

Daga nan na shiga makarantar makamashi, domin kowanne da halinsa. Gawayi na son iska ta ƙasa, sai a buɗe masa ƙaramar ƙofa. Na ƙirya ya fi kowanne daɗewa, shi ya sa maƙera ke nemansa. Itace na son a faskara shi ƙanana, a bar masa 'yar toka a ƙarƙashi, a riƙa turawa kaɗan-kaɗan. Marke da bagaruwa suna barin garwashi mai kyau. Totuwar masara da karan dawa saurin kamawa gare su da saurin mutuwa, sun dace da tayar da wuta ko tafasa ruwan shayi. Busasshen kashin shanu ba ya harshe sosai amma yana riƙe wuta. Buntun shinkafa da garin katako kuwa in aka watsa su haka kashe wuta suke yi. Sai an tsayar da sanda a tsakiyar gwangwani mai huda a gindi, a danƙare su kewaye da ita, a zare sandar, a kunna ta ramin. Haka za su yi ta ci a hankali har wake ya nuna. A ƙasar da ake noman shinkafa a fadamun Rima, buntu ba abin wahalar samu ba ne, kuma kuɗinsa bai kai na gawayi ba. Amfanin murhu mai cin komai ke nan ga mai ƙaramin ƙarfi: ranar da wannan ya yi tsada sai a juya ga wancan, girki bai tsaya ba.

Abu biyu na haramta a murhun. Na farko leda da roba da tsohon takalmi, waɗanda mata da yawa ke tayar da wuta da su don sauri. Baƙin hayaƙinsu guba ne, kuma a fuskar mai girki da goyonta yake ƙarewa. Na biyu ɗanyen itace. Mai sayen ɗanye ruwa yake saya da kuɗinsa, domin sai wuta ta ɓata ƙarfinta ta ƙone ruwan da ke ciki kafin ta waiwayi tukunya, ga hayaƙi, ga baƙin maiƙo da ke toshe bututu. A Ingila tun watan Mayu na 2021 doka ta hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙananan ɗauri, sai wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Mu nan Allah ya ba mu rana da busasshiyar iska kyauta. Abin da ake buƙata kawai a sayi itace da wuri, a faskara, a jingine shi ya sha iska.

Yadda ɗumin ke isa ɗakin Inna ba shi da wuya. Wutar da ta dafa tuwon dare ita ce ta zafafa tanki, ba a ƙara ko tsinke ba. Bayan isha'i sai a tsiyayi ruwan a jarkoki biyu masu kyakkyawan murfi, a surka shi kada ya zama tafasasshe, a naɗe kowace da tsohon zane, a sa ɗaya wajen ƙafafunta, ɗaya a bayanta, a ja bargo. Naɗewar nan wajibi ce, domin fatar tsoho da ta jariri ba ta jure zafi, mai ciwon suga kuma yana iya ƙonewa a ƙafa bai ji ba. Muka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin tabarma, darduma a sama, muka sa labule mai kauri a ƙofa, muka saya mata safa da hular sanyi. Yanzu ana iya toshe kowace kafa a ɗakin hankali kwance, tunda babu abin da ke ci a ciki. Inna takan ce ɗakin soron da ta tashi a cikinsa bai buƙaci duk wannan ba, kuma gaskiyarta: katangar ƙasa mai kauri da rufin azara kan sha rana da yini su sake ta da dare, kwano kuwa da faɗuwar rana yake sakin nasa. Sauran ruwan tankin, in an cika shi an lulluɓe da buhu, yakan kai asuba da ɗuminsa. Na daina fitowa cikin duhu ina fama da ashana. Famfo nake murɗawa.

Da ƙanwata ta zo wankan jego a gidanmu, murhun ya rage mana itacen da aka saba ƙonawa a ƙarƙashin babbar tukunya safe da yamma har kwana arba'in. A nan ma mun bi shawarar ma'aikatan lafiya, muka sassauta zafin ruwan, muka rage kanwa a kunu, ba a kuma hura mata wuta a ɗaki ba. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da yawan shan kanwa. Al'adar kula da mai jego abin alfahari ce, ba mu yar da ita ba. Abin da ke cutarwa a cikinta muka cire.

Darasi na uku ya fi gidanmu faɗi. Duk buhun gawayin da aka sauke a ƙofar gida bishiya ce aka kayar a wani daji. Sakkwato na cikin jihohi 11 na Arewa da ke bakin hamada, waɗanda shirin Babbar Katangar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafa. Murhun duwatsu uku da muka gada yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, kaɗan ne ke shiga tukunya. Ga kuma lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Ilimin gyara wannan ba a nesa yake ba. A nan garin, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai Cibiyar Binciken Makamashi da aka kafa a 1982, wadda ta yi aiki a kan ingantattun murahu da na'urar zafafa ruwa da hasken rana. Maƙwabtanmu na Nijar tun shekarun 1980 suka yaɗa murhun ƙarfe da suka sa wa suna Mai Sauƙi da na laka da ake kira Albarka. Akwai kuma Save80, wanda sunansa ke nuni da yawan itacen da yake ragewa. Fatana a haɗa masu wannan ilimi da maƙeranmu da masu walda da ƙungiyoyin mata na unguwanni, domin abin da maƙerin unguwa ya iya ƙerawa shi ne zai shiga kowane gida, kuma shi za a iya gyarawa in ya lalace.

Murhun namu yana da nasa wahalar. Dole a riƙa zura sanda da tsumma a share bututu, in ba haka ba hayaƙi ya dawo baya. Tanki kan yi tsatsa, saboda haka ruwansa na wanka da alwala da wanke-wanke ne, na sha a tukunya ake dafa shi. Dole a sa ido kan masu rarrafe. Toka ba a zubar da ita sai an yayyafa mata ruwa, domin a hunturu komai a bushe yake, iska kuma na jiran tartsatsi ɗaya. Duk ɗan Sakkwato ya tuna yadda wuta ta ci babbar kasuwar garin a watan Janairu na 2021. Kuma ban ce murhun ya fi gas tsafta ba. Ranar da hali ya samu zan cika tukunyata in yi girkin rana da ita. Amma kunyar nan ta bar ni. Abokan aikin da na ɓoye wa buhun gawayi yanzu ni ke jan su zuwa rumfa in nuna musu famfo, biyu daga cikinsu ma sun kai wa maƙerin nasu aikin. Aikin wuta ya daina zama nawa ni kaɗai: samarin gidan ke faskare da cika tanki, maigida ke share bututu. Na kuma koyi buɗe baki in ce na gaji, kuma ban ga mutuncina ya ragu ba. Da asuba almajiran makarantar allon da ke kusa da mu kan miƙo butocinsu a cika musu da ruwan ɗumi, yaran da in ba haka ba tayoyi da leda za su ƙona su kewaye suna shaƙa.

'Yan'uwana mata, da ku magidanta, ba sai kun ƙera irin murhuna ba. Tukunyar ruwa a kan ragowar wutar tuwo, da jarka, da tsohon zane, sun isa su raba tsohuwa da kasko a daren yau. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa; namu ya kama, Allah ya kashe mana. Kafin ku kwanta ku leƙa ɗakin iyayenku da na mai jego da shagon samari da ɗakin maigadi. In kun ga garwashi ku fitar da shi, ko da ya yi ja babu hayaƙi, ku kai musu abin da zai ɗumama su a madadinsa. Kada a tayar da janareta a cikin ɗaki ko a zaure ko a gindin taga. Wanda ya tashi da ciwon kai da jiri a ɗakin da aka kwana da wuta, a fito da shi fili a kai shi asibiti nan take. Allah ya raba mu da sharrin wuta, ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu.